Kaji, Zabi da Agwagi a Bakin Bature: Yadda Aikin Kundin Ke Tafiya

12 ga Oktoba, 2024

Aikin da na ɗauko shi ne tattara kalmomi da salon maganar Turanci da suka fito daga kaji, agwagi, zabi, talo-talo da danginsu, in yi musu bayani da Hausa cikin ɗan ƙaramin littafi. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare nake nufi da shi, domin masu shirya jarabawar WAEC da NECO ba sa gajiya da tambayar ma'anar karin maganar Turanci, yaran kuwa haddace su kawai suke yi kamar lambar waya, in an juya tambayar sai su ɓace. Sai kuma masu kiwo, waɗanda duk takardar magani da buhun abincin kaji da Turanci suke zo musu.

Ga abin da nake son gwadawa. Turawan da suka ƙirƙiri waɗannan maganganu manoma ne, da kaji suke kwana suke tashi. Jikokinsu na yau a firjin kanti suke ganin kaza, figaggiya, cikin leda. Yaron Zariya ko na Funtuwa da ke buɗe akurki da asuba kafin ya tafi makaranta ya fi yaron Landan kusanci da tushen maganar. Don haka kowane bayani zai fara ne da abin da tsuntsun ke yi a tsakar gida, sannan ma'anar ta biyo baya.

Kati nake yi wa kowace kalma, na kasa su gida uku: kalmomin sana'a, karin magana, da 'yan sojan gona, wato waɗanda suka yi kama da na kaji alhali ba su haɗa komai da su ba.

21 ga Oktoba, 2024

Sunaye na fara da su. *Chicken* sunan jinsin gaba ɗaya, *hen* kaza, *cock* zakara, *cockerel* saurayin zakara da bai cika shekara ba, *pullet* sagara, *chick* ɗan tsako, *capon* zakaran da aka fiɗiye don ya yi ƙiba. Kusan kowanne muna da nasa, nan babu wahala.

*Fowl* ce ta ɗan tsayar da ni. A tsohon Turanci kowane tsuntsu *fugol* ne, har yau ma Jamusawa *Vogel* suke ce wa tsuntsu. Da tafiya ta yi tafiya kalmar ta tsuke, ta koma kan tsuntsayen gida da na farauta. A Ingila yanzu da wuya ka ji mai cefane ya faɗe ta, amma a Najeriya tana nan da ranta, a kasuwa da cikin Buroka *fowl* ita ce kaza. Na rubuta wa yara cewa ba kuskure ba ne, tsohon yayi ne da muka riƙe bayan masu shi sun sake.

*Poultry* da *pullet* daga Faransanci suka shigo, cikin ambaliyar kalmomin da ta biyo bayan cin Ingila da Normawa suka yi a 1066. A wannan ambaliyar ce saniya ta zama *beef* a kan faranti, tunkiya ta zama *mutton*. Kaza dai ta riƙe sunanta daga akurki har tukunya.

Sai batun da ba dama a kauce masa. *Cock* a Turancin yau tana da ma'ana ta biyu ta batsa, gaban namiji ake nufi. Amurkawa tun ƙarshen ƙarni na 18 suka koma cewa *rooster*, ana kuma danganta yaɗuwarta da gudun wannan kunyar. Mu a nan littattafan firamare *cock* suka koya mana, muna faɗinta babu wani ɗar. Shugabar sashenmu ta ce, "Malam, anya za a sa wannan a littafin yara?" Na ce, "Hajiya, gara su ji daga gare mu da a yi musu dariya a intanet." Mun tsaya a kan layi ɗaya tak: a Najeriya da Ingila ba laifi in ana zancen kaji, da Ba'amurke kuwa a ce *rooster*.

3 ga Nuwamba, 2024

Malamin aikin gona ya zauna da ni kan kalmomin sana'a. *Broiler* kazar nama, daga *broil*, wato gasawa, ana yanka ta tana mako shida zuwa takwas. *Layer* kazar ƙwai. *Day-old* ɗan tsakon kwana ɗaya da ake kawowa cikin kwali daga wuraren ƙyanƙyasa, yawanci daga Ibadan. *Point of lay* sagarar da ke gab da fara ƙwai, wajen mako 16 zuwa 20. *Old layer* wadda ta gama aiki aka fito da ita kasuwa, masu farfesu sun fi son ta don namanta na da ƙwari. A littattafan Turawa *spent hen* za a gani, na sa duka biyun.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne da yawa daga sunayen jinsi da na cututtuka sunayen wurare ne. *Leghorn* shi ne yadda Ingilishi ke kiran Liborno, tashar jirgin ruwa a Italiya. *Orpington* gari ne a Kent inda William Cook ya fito da jinsin a 1886. *Rhode Island Red* jihar Amurka ce. *Bantam*, 'yar ƙaramar kazar nan mai faɗa, daga Banten ta tsibirin Jaba a Indonesiya. Cutar *Newcastle* da ke share kajin ƙauye lokacin hunturu ta samo sunan ne daga birnin da aka gano ta a Ingila a 1926, *Gumboro* kuwa, da kowane mai kiwo ya san rigakafinta, wani ɗan ƙauye ne a jihar Delaware. Mu ma muna da namu a wannan layin: *ShikaBrown*, kazar ƙwan da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI ta samar a Shika, nan bayan garinmu.

Malamin ya nace sai an sa kwanakin kwanci. Kaza 21, zabuwa 26 zuwa 28, talo-talo 28, agwagwarmu ta gida 35. Ba kalmomi ba ne, amma na ba su gefen shafi.

9 ga Nuwamba, 2024

Zaɓen Amurka na ranar 5 ga wata ya kawo mini darasi har gida. Jaridun Turanci duk sun cika da kiran Shugaba Biden *lame duck*. Gurguwar agwagwa ke nan in an bi kalma da kalma, wanda ba ya nufin komai a kunnen Bahaushe.

A kasuwar hannun jari ta Landan maganar ta fara, a ƙarni na 18. Dillalin da ya karye ya kasa biyan bashi shi ne *lame duck*, yana fita daga kasuwa yana ɗingishi. Tana cikin wata wasiƙar Horace Walpole ta 1761. Amurkawa ne suka kai ta siyasa, suka liƙa wa shugaban da aka riga aka zaɓi magajinsa amma bai sauka ba. Da can sai 4 ga Maris ake rantsar da sabon shugaba, wata huɗu ƙasa na hannun mai barin gado. Gyaran tsarin mulki na 20, a 1933, shi ya dawo da ranar 20 ga Janairu. Misalin da na ba yara na gida ne: Jonathan daga zaɓen 28 ga Maris na 2015 zuwa 29 ga Mayu. Wani yaro daga bayan aji ya ce, "Malam, ai zakara a rataye ba ya cara." Na rubuta a katin.

Sauran na agwagwa ba su ba da wahala ba. *Water off a duck's back*, maganar da ba ta ratsa mutum, duk wanda ya ga agwagwa ta fito daga kududdufi a bushe ya gane. *Sitting duck*, wanda ke fili ba kariya, na mafarauta ce. A wasan kurket in ɗan wasa ya fita bai ci ko ɗaya ba *duck* ya yi, don sifili ya yi kama da ƙwan agwagwa. Don Bradman na Ostireliya, a wasansa na ƙarshe a 1948, maki huɗu yake nema matsakaicinsa ya cika 100, ya fita da ƙwan agwagwa, ya tsaya a 99.94.

Agwagwar da ta fi yawa a gidajenmu, mai jan nama a fuska, *Muscovy duck* ce. Ba ta taɓa ganin Mosko ba, daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ta fito.

28 ga Nuwamba, 2024

Yau Amurkawa ke bikin godiya, ranar da talo-talo ke shan wuƙa. Na tsaya a kan katinsa, kuma shi ne mafi tsawo a kundin, domin labarinsa ya ratso ta ƙasarmu.

Talo-talo ɗan Meziko ne. Mutanen can suka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kawo shi Turai a farkon ƙarni na 16. To me ya haɗa shi da Turkiyya har ya zama *turkey*? Zabo ne. Kafin talo-talo ya iso, Ingilishi sun riga sun san wani baƙon tsuntsu daga Afirka da ke zuwa musu ta hannun fatake masu cinikin ƙasashen daular Usmaniyya, suna kiransa *turkey-cock* da *turkey-hen*. Zabonmu ke nan. Da sabon tsuntsu ya zo, shi ma da ƙwalƙwal ɗin kai da tsiron nama a wuya, sai aka gwama su a suna ɗaya. Daga baya aka raba gardama: babban ya tafi da sunan, zabo ya koma *guinea fowl*, da sunan gaɓar tekun Afirka ta Yamma inda jiragen Fotugal ke ɗauko shi.

Ruɗanin har ga masana ya kai. *Meleagris* sunan zabo ne a wurin Girkawan da, amma Linnaeus, masanin da ya tsara sunayen kimiyya na halittu, a 1758 ya ɗauka ya ba talo-talo, *Meleagris gallopavo*. Zabo ya tashi da *Numida meleagris*, daga Numidiya, yankin Aljeriya ta yau. Kowace al'umma kuma wata ƙasar ta jingina wa talo-talo. Turkawa da kansu *hindi* suke ce masa, na Indiya. Faransawa *dinde*, shi ma Indiya. Mutanen Fotugal *peru*. Larabawa *dik rumi*, zakaran Rum. Mu da Yarbawa masu cewa *tolotolo* ba mu ɗora wa kowa ba.

Kafin yara su fara yi wa Bature dariya na tuna musu masara da ɓeran Masar. Duka biyun daga nahiyar Amurka suka zo, ba daga Masar ba. Ɓeran Masar ɗin ma *guinea pig* ne a Turanci, ba ɗan Gini ba, ba alade ba. Ɗan kasuwa da sunan hanyar da kaya suka biyo yake kiransu, ba da sunan gonar da suka fito ba. Wannan *guinea* ɗin dai ita ce a kuɗin zinaren Ingila da aka fara bugawa a 1663 da zinaren Afirka ta Yamma, wanda darajarsa ta tsaya a sule 21.

Ɗan zabo *keet* ne, kalmar da ko malaman Turanci da yawa ba su taɓa ji ba. Karin magana kan zabo kuwa babu shi a Turanci, bai zauna da su ya daɗe ba. Talo-talo ne ya samu. *Cold turkey*, barin ƙwaya ko sigari farat ɗaya ba tare da ragewa a hankali ba. Na sa misali da kodin da tiramol don shi yaran suka sani a unguwa. *Talk turkey*, a yi magana ba kwana-kwana. Fim ɗin da ya faɗi warwas a kasuwa *turkey* ne. Sai wadda na fi so, *turkeys voting for Christmas*, mutanen da ke goyon bayan abin da zai halaka su. Firayim Minista James Callaghan ya jefi ƙananan jam'iyyu da ita a majalisar Birtaniya ranar 28 ga Maris na 1979, lokacin ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnatinsa. Ya sha kaye da ƙuri'a ɗaya, 311 da 310, Margaret Thatcher ta hau a watan Mayu, jam'iyyar 'yan kishin Sikotilan kuma, ɗaya daga cikin ƙananan jam'iyyun nan, ta rasa yawancin kujerunta. A Hausa na ce a ɗauka raguna ne suka nemi a matso da Babbar Sallah.

14 ga Disamba, 2024

Gwaji na farko a aji kafin hutu. Ban ba su ma'ana ba, tambaya na yi. In an watsa wa kaji tsaba wa ke fara ci? Hannuwa suka tashi. Wata yarinya ta ce akwai uwar garke da ke caccakar kowa ba mai caccakarta, akwai ta biyu, har zuwa ta ƙarshe wadda sai an watse take samu. Na ce to wannan shi ne *pecking order*, jerin wane ya fi wane a ofis ko a gida. Wani masani ɗan Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya fara rubuta shi a ilimance a farkon shekarun 1920, bayan ya yi ƙuruciyarsa yana lura da kajin gidansu. Yarinyar ta ce, "Malam, da wannan ya zama farfesa?"

Haka muka bi sauran. *Nest egg*, kuɗin ajiya: sun san ana barin ƙwai ɗaya a gurbi don kada kaza ta sauya wurin saka. *Brood*, mutum ya zauna ya yi tagumi yana saƙa da warwara: kaza mai kwanci. *Hatch a plot*, ƙulla makirci a ɓoye har ya ƙyanƙyashe. *Cooped up*, ƙuntatawa a ɗaki. *Henpecked*, mijin ta ce, nan dariya ta hana mu ci gaba na ɗan lokaci. *Rare as hen's teeth*, abin da babu shi. *Goosebumps*, tashin tsigar jiki, wanda ya taɓa fige kaza ya san fatar. Faransawa da Sifaniyawa ma da fatar kaza suke kwatanta shi.

*Running around like a headless chicken* ba ta buƙaci bayani ba ga yaran da ke riƙe wa babansu kaza ranar Sallah. Na ƙara musu da labarin zakaran garin Fruita a jihar Kolorado da aka sare wa kai a 1945, gatarin ya kuskure wani sashe na ƙwaƙwalwa, ya rayu wata 18 ana ɗura masa abinci ta maƙogwaro. Ba su yarda ba sai da na nuna hoto.

*Chickens come home to roost* ta fi nauyi. Kaza duk yawonta magariba na yi za ta dawo makwancinta, haka mugun aiki ke komawa kan mai shi. Mawaƙi Robert Southey ya yaɗa ta a 1810, a kan la'ana yake magana. Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, ya faɗe ta ranar 1 ga Disamba, 1963, da aka tambaye shi kan kisan Shugaba Kennedy, Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyarsu ta Nation of Islam, ya hana shi magana a bainar jama'a kwana 90, watanni kaɗan bayan nan ya bar ƙungiyar. Yaran da kansu suka kawo "in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere."

Bayan mako guda na maimaita tambayoyin ba sanarwa. Waɗanda muka bi ta akurki sun zauna musu. Waɗanda na rubuta a allo kawai, rabi sun zube.

18 ga Janairu, 2025

Hutun ya tafi a kan zakara. Kaso mai tsoka na maganganunsa daga caca da faɗan zakaru suka fito, wasan da sarakuna da talakawan Ingila suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi; Sarki Henry na Takwas har fili ya gina masa a fadar Whitehall. Doka ta haramta shi a 1835, kalmomin suka ƙi tafiya. *Cockpit* ramin da ake zuba zakarun ne. Daga nan ta koma wani ƙuntataccen ɗaki a cikin jirgin ruwan yaƙi inda ake duba waɗanda suka ji rauni, daga nan ta zama mazaunin matuƙin jirgin sama. *Battle royal*, a zuba zakaru da yawa sai ɗaya ya rage. *Cocky* da *cocksure*, taƙama da cika baki.

*Show the white feather* ita ce nuna ragwanta, domin masu caca sun yi imani zakaran da ke da farin gashi a wutsiya ba jinin faɗa ba ne. A watan Agusta na 1914 wani tsohon hafsan sojan ruwa, Charles Fitzgerald, ya shirya mata a garin Folkestone suna miƙa wa samarin da ba su shiga soja ba farin gashin tsuntsu a kan titi.

A nan ne harsunan biyu suka raba hanya, kuma dole kundin ya nuna haka. A wurinmu zakara yabo ne: zakaran gwajin dafi, zakaran gasar Afirka, zakaran da Allah ya nufa da cara. Ka ce wa Bature *cocky* kuwa ka zage shi. Kaza a Turanci matsoraciya ce, *chicken out* janyewa don tsoro, *chicken feed* kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tamu kazar butulci aka fi saninta da shi, ci ki goge baki, da tone-tonen da ke tono mata wuƙa. Yaron da ya ɗauki halin kazar Hausa ya shiga jarabawar Turanci da shi zai zaɓi amsar da ba ita ba. Tunanina na farko yana nan, amma da sharaɗi: abin da tsuntsu ke yi ɗaya ne a ko'ina, hukuncin da mutane suka yanke masa ne ya bambanta, shi kuma sai an koyar.

Don 'yan ƙwallo na sa zakaran da ke kan tambarin Tottenham da na rigar Faransa. Don 'yan dambe, *bantamweight*, ajin kilo 53 da rabi, da *featherweight* na kilo 57, ajin da Hogan Bassey na Kalaba ya ci kambun duniya a Faris a 1957.

8 ga Fabrairu, 2025

Mun yi ja-in-ja da malamin Hausa, dattijo ne, ya koyar da wasu daga cikin malamanmu. So yake kowace karin maganar Turanci a ajiye mata takwararta ta Hausa a gefe, a huta. Ya kawo *don't count your chickens before they hatch*, wadda tun 1570 take a rubuce, ya ce ga "ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Na ce, "Baba, a gafarce ni, wannan ta tsuntsu a hannu ce, *a bird in the hand*. Ta farkon gargaɗi ce ga mai lissafin riba kafin kaya su iso, ta biyun shawara ce a riƙe ƙaramin da aka samu." Ya yi shiru, ya ce, "Ɗana, ai duk hana zari suke yi." Gaskiyarsa, amma mai jarabawa a irin wannan ɗan bambancin yake kafa tarko.

Da muka juya abin sai ya fi daɗi. "A bar kaza cikin gashinta" a Turanci kare ne mai barci, *let sleeping dogs lie*. "Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko", mafi kusa da ita ta rataya ce a jelar rigar wani, *ride on someone's coattails*. "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as" da "sabo da kaza ba ya hana yanka ta" bayani kawai za a yi musu. Mun rabu a kan cewa za a sa karin maganar Hausa inda ta dace, a ƙarƙashin kalmar "kwatanta", ba "daidai da" ba. Shi zai duba wannan sashen gaba ɗaya, ya kuma yi alkawarin ƙaro wasu daga bakin tsofaffin Tudun Wada.

22 ga Fabrairu, 2025

Dinya, wato *goose*, ita ce inda dabarar akurki ta gaza. Yawancin yaran birni ba su taɓa zama da ita ba, Turawa kuwa da ita suke Kirsimeti kafin talo-talo ya karɓe. *Wild goose chase*, wahalar banza, asalinta wani tseren dawaki ne da kowa ke bin sawun na gaba yadda dinyoyi ke jeruwa a sama, a wannan ma'anar Shakespeare ya yi amfani da ita. *Cook someone's goose*, a gama da mutum. *Sauce for the goose is sauce for the gander*, dokar da ta hau wannan ta hau wancan. *Take a gander*, leƙawa, daga miƙa wuyan namijin dinya. Waɗannan sai hoto da haddar.

Tulin 'yan sojan gona ya kammala. *Egg on*, zuga, ba ƙwai a ciki, daga harshen mutanen Sikandinabiya ta zo, 'yar'uwar *edge* ce, kaifi. *Chickpea* daga *cicer* ta Latin, ba ɗan tsako. *Mongoose*, tunku, daga harshen Marati na Indiya, shi ya sa jam'inta *mongooses*, ba ta bin *geese*. *Pidgin* ba *pigeon* ba ce, wato tantabara, *business* ce a bakin 'yan kasuwar gaɓar Sin.

*Egg* ɗin kanta baƙuwa ce daga arewa, mutanen kudancin Ingila *eyren* suke ce wa ƙwai. William Caxton, wanda ya kawo injin ɗab'i Ingila, ya ba da labari a 1490 na wani falke da ya tambayi wata mata a Kent *egges*, ta ce ita ba ta jin Faransanci, ya fusata don shi ma ba ya ji, sai da wani ya ce *eyren* sannan ta gane. Zan buɗe sashen ƙwai da shi.

15 ga Maris, 2025

Azumi ya rage gudun aikin, sai bayan asham nake samun zama. An buga sashen sunaye, na sana'a da na agwagwa a kwamfuta. Na talo-talo da zabo yana hannun shugabar sashe, na karin magana yana wurin Baba. Malamin aikin gona ya kawo ƙarin kalmomi daga takardun magani, *cull*, *debeak*, *litter*, *withdrawal period*, na ƙarshen nan yana son a rubuta shi da manyan baƙaƙe, domin shi ne kwanakin da ba a yanka kaza ko sayar da ƙwanta bayan an ba ta magani, kuma mutane ba sa kiyayewa.

Saura sassan jiki: *drumstick*, *wishbone*, *giblets*, *gizzard* wato ƙundu, da *parson's nose*, tsokar gindin wutsiya. Saura tantabara da kurciya, waɗanda nake tunanin ware musu shafi biyu saboda *pigeonhole*, *stool pigeon* da *hawks and doves* na labaran yaƙi. Lafazi kuma na yanke shawarar naɗar murya a tura wa yara ta WhatsApp, rubuta shi da baƙaƙen Hausa yana ƙara ɓata shi. Mai ɗab'i ya ce farashin takarda sai bayan Sallah zai iya faɗa, don haka kwafin gwaji na 'yan aji uku hoto za a ɗauka a raba musu kafin jarabawar gwaji ta watan Afrilu.